Yatsan Likita da Bayan Mai Aski

Likitan ƙashi ya yanka bayan mai aski a inda babu ciwo, ya bar inda ciwon yake. Ba rashin ilimi ne ya jawo haka ba, don ilimi kam yana da shi har ya yi masa yawa. Ba kuma tsautsayi ba ne, ko da yake da sunan tsautsayi aka so a binne maganar. Girman kai ne da raina ƙa'idar aiki, kuma wanda aka ba wuƙa da amanar jikin mutum ba shi da hurumin raina ƙa'ida.

Shagon mai askin ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Akwai kujera mai juyawa da ledarta ta tsage aka liƙe da salatif, da babban madubi mai tabo a kusurwa, da benci na masu jiran layi. Injinan aski biyu a rataye jikin ƙusa, kwalbar sifirit da burushi da hoda a kan kanta. A kan wannan kujera likitan yake zama duk ƙarshen mako, shekara da shekaru. Da ya tashi ya tafi, mai aski zai karkaɗe ƙyalle ya dubi mutanen benci ya ce, "Kun ga kan nan? Shi yake buɗe bayan mutane ya gyara. Amma idan ya zo nan, ni nake ce masa sunkuya, ya sunkuya."

Tsayuwa ce ta ci bayan mai aski. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya gangara ta cinyar hagu har tafin ƙafa, kamar an sa masa waya mai wuta. Wata rana likita ya hango shi ta madubi yana cije leɓe.

"Mutumina, me ya samu bayanka?"

"Gajiya ce, ranka ya daɗe."

"Gajiya ba ta sa mutum ya tsaya kamar ƙofar da fatarta ɗaya ta cire. Ka zo asibiti."

Aka ɗauki hoto, aka ga guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya ya zame ya danne jijiya. Likita ya ce shi da kansa zai yi aikin, ba zai bar wa yara ba, ya kuma tsallake da shi layin masu jira. Mai aski ya dawo gida yana tafiya a karkace amma kansa a sama.

Matarsa ta ce, "Malam, wai tiyata za a yi maka ko sarauta za a ba ka? Tun da ka shigo bakinka bai rufu ba."

"Ke ba ki san darajar mu'amala ba."

"Na sani mana. Ni dai bayan nake so a dawo mini da shi."

Ranar aikin, yana kwance a kan gadon turawa cikin riga mai ɗauri ta baya, sanyin ɗakin tiyata yana shigarsa, sai ya ji wata nas tana ce wa likita na'urar ɗaukar hoto tana ɗaya ɗakin, ana aiki da ita, sai a ɗan jira. A wannan aiki ƙa'ida ce: kafin a yanka, a soka allura a wurin, a ɗauki hoto, a tabbatar gaɓar da ake nufi ce, domin gaɓoɓin baya kama suke yi da juna kamar haƙoran mataji. Likita ya dubi agogon bango, ya yi tsaki, sannan ya sunkuyo kan mai aski yana murmushi.

"Mutumina, kai da kake yi mini aski, ka taɓa auna kaina da tef?"

"Haba, ranka ya daɗe. Ido ne kawai."

"To ni ma yatsa ne. Wannan babban yatsan ya ƙirga bayan mutane tun na'urar nan ba a ƙera ta ba. Mu jira ta?"

Mai aski ya ji daɗi an haɗa sana'arsa da ta likita a magana ɗaya. Ya yi dariya ya ce, "Wane jira kuma? Gwani da gwani." Aka ɗora masa abin shaƙa a hanci, barci ya ɗauke shi.

Ya farka da sabon ciwo a wurin ɗinki, tsohon kuma yana nan inda ya bar shi. Likita ya ce jijiya ba ta son gaggawa, a ba ta lokaci. Aka ba ta. Ɗinki ya warke, wayar wutar nan ba ta mutu ba. Daga baya ma ƙafar ta fara ja, yatsunta suna sharar ƙasa, silifas yana zare kansa ya tsaya a baya.

Duk wanda ya tambaye shi jiki sai ya ce, "Da sauƙi sosai. Aikin gwani ne."

Ya sayi doguwar kujera, irin mai tsayin ƙafafu, ya koma aski a zaune. Amma aski a zaune ba aski ba ne. Mutum ba ya iya zagaya kai, sai dai ya riƙa juya mai kan kamar tukunya. Layin goshi ya fara fitowa a karkace. Masu benci suka ragu, wasu suka koma wucewa ta ɗaya gefen titi da hula a kai, har waɗanda ba su saba sa hula ba. Likita ma ya daina zuwa. Mai aski ya ce ayyuka ne suka yi masa yawa.

Matarsa ta zuba masa ido har ranar da ta ga ya kasa ɗaga ƙafa ya haye dokin ƙofa. Ta ce, "Malam, wannan sauƙin naka idan ya ƙaru, a baro za mu riƙa kai ka shago. Tashi mu je."

Ta kai shi wurin wata likita a wani ƙaramin asibiti. Ita ma ta sa aka ɗauki hoto, ta manna shi jikin allo mai haske, ta daɗe tana kallo. Sannan ta nuna da bayan biro.

"Baba, yawancin mutane gaɓoɓi biyar gare su a ƙasan baya. Kai shida Allah ya ba ka. Ba ciwo ba ne, halitta ce, kuma tana nan a hotonka na farko ga duk wanda ya tsaya ya duba. Wanda ya ƙirga da hannu zai sauka a gaɓar da ba ita ba. Ga inda aka buɗe, lafiyarsa ƙalau. Ga mai ciwon nan kusa da shi, ko taɓa shi ba a yi ba."

Matar mai aski ta riƙe haɓa. "Wato maƙwabci aka yi wa aski, mai gida yana zaune da sumarsa."

Ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma ba ta kai zuci ba.

Likitar ta ce jijiyar tana mutuwa a hankali. Idan aka sake aiki da wuri zai iya tsayawa a kan ƙafarsa, idan aka ja lokaci ƙafar ta tafi ke nan. Matsalar ita ce asibiti ɗaya ne yake da kayan wannan aiki, kuma likitan ƙashin shi ne shugaban sashen. Babu mai sake buɗe bayan da ya ɗinke sai da yardarsa. Suka je suka same shi, ya ƙi ko kallon sabon hoton, ya ce aikinsa daidai yake, masu neman suna ne suke zuga su. Hanya ɗaya ta rage, a kai ƙara hukumar da ke sa ido kan likitoci.

Mai aski ya ce sam. "Mutumin da ya tsallake da ni layi? In tsaya gaban mutane in tona masa asiri? Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda kake yin aski da shi," in ji matar. Ta je ta kai ƙarar da kanta.

Ranar zaman, aka ajiye su a wani dogon baranda mai kujerun roba a jere da fanka ɗaya da ke juyawa kamar ba ta so. Mai aski ya riga ya shirya abin da zai faɗa: maganin barci ya ɗauke shi, bai ji komai ba, bai ga komai ba. A ransa, hoto ya ishe su, ba sai an sa bakinsa ba.

Kusa da shi wata yarinyar mace ce zaune da jariri a cinya. Yaron yana ta wasa da hannun dama, yana kama mayafinta, na hagu kuwa yana kwance a gefensa kamar ba nasa ba, tafin ya juya baya. Mai aski ya yi masa wasa da baki, sannan ya tambaya a hankali.

"'Yata, faɗuwa ya yi?"

"A'a, Baba. Wurin haihuwa ne. Kafaɗarsa ta maƙale, ungozomar asibiti ta ƙi kiran likita, ta ce ta karɓi haihuwar da ta fi wannan. Ta ja shi da ƙarfi, jijiyar hannun ta tsinke. Kai fa?"

Ya ba ta labari a taƙaice, har da cewa shi ba zai ce komai a ciki ba, don akwai mutunci tsakaninsu.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah. Baba, wannan da ba shi da baki na ɗauko shi na hau mota biyu don in yi magana a madadinsa. Kai ga baki har da gashin baki, ka zo ka yi shiru? To ka ara masa naka mana, in ya gama ya mayar maka."

Matar mai aski ta ce, "Faɗa masa, 'yar nan. A shago ba a jin muryar kowa sai tasa."

Mai aski ya buɗe baki zai kare kansa, sai aka kira su.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur, wata dattijuwar likita mai tabarau a tsakiya. Likitan ƙashi yana zaune a kujerar gaba, ya ba ƙofa baya. Mai aski ya ja ƙafa ya zauna a bayansa, kuma da yake ido ya saba, ƙeyar ya fara kallo. An yi mata sabon aski. Ba hannunsa ba ne. Layin bayan kunnen dama ya fi na hagu hawa, an kuma bar wani ɗan tsiro a tsakiyar wuya, wurin da shi ya san sai an bi da reza a karkace. Ashe ba ayyuka ne suka yi yawa ba. Mutumin ya samu lokacin aski, shagon ne ba ya son shiga, kada ya ga doguwar kujera.

Likita ya yi bayani da murya mai daɗi. Ya ce halittar majiyyacin ce ta zo da ƙari, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya ce an bi kowace ƙa'ida, hoton tabbatarwa ma an ɗauka a ɗakin tiyata, na'urar ce ba ta adana shi ba.

Dattijuwar ta leƙo ta saman tabarau. "Malam, kafin barci ya ɗauke ka, ka ga an shigo da na'urar hoto? Ko ka ji wata magana a kanta?"

Mai aski ya dubi ƙafarsa, silifas ɗin ya sake zarewa. Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba yana jin jaririn nan yana gwaranci. Ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba a shigo da ita ba. Nas ta ce a jira. Shi kuma ya tambaye ni ko ina auna kansa da tef, na ce ido ne. Ya ce shi ma yatsa ne."

"Kai kuma me ka ce?"

"Na ce gwani da gwani." Ya sunkuyar da kai. "Amma ranki ya daɗe, ni idan idona ya kuskure, sati biyu gashi ya fito."

Ɗaya daga cikin mutanen teburin ya rufe baki da hannu. Likita bai juyo ba, sai dai ƙeyar ta yi gumi.

Aka aika aka kira nas ɗin. Da ta ji majiyyaci ya riga ya faɗa, ita ma ta faɗi abin da ta sani, ba ta rage ba. A zaman nan aka ba da umarni wani likita ya sake aikin cikin gaggawa, da na'ura a ɗakin. Da suka fito baranda, mai jaririn ta ɗaga kai tana tambaya da ido.

Matar mai aski ta ce, "Ya yi magana. Sai da aka ce ya isa."

"To madalla. Baba, ka yi mana addu'a, mu ne na gaba."

Aka yi aiki na biyu a gaɓar da take da ciwon. Wayar wutar ta mutu. Ƙafar ba ta dawo duka ba, har yau yana ɗan jan ta idan ya gaji, amma yana tsayawa, yana zagaya kai, layin goshi ya miƙe. Matarsa ta ɗauke doguwar kujerar ta kai kicin tana ɗora kwanuka.

Shi kuwa likitan ƙashi, hukuma ta same shi da laifin barin ƙa'ida da kuma yi mata ƙarya. Aka sauke shi daga shugabancin sashen, aka karɓe lasisinsa na yin tiyata.