Layin da Injiniya ta cire

A sashen ɗaukar hoto na asibitin, duk wanda aka yi wa hoton ƙirji ko na ƙashi, a faifan CD ake zuba masa ya kai wa likitansa. Da tsohuwar na'urar buga faifan ta mutu, Dogo aka sa ya zaɓo sabuwa, don ya fi kowa daɗewa a ɗakin. Kwana uku dattijon yana zaga shaguna. Ya ƙi mai kyan gani, ya ƙi mai gudun tsiya, ya ɗauko wata baƙa mai nauyi wadda ya ce ba ta ɗaukar zafi.

Injiniya, matar da ke kula da kwamfutocin asibitin, ita ta haɗa ta. Manhajar da ke kan kwamfutar ba ta gane baƙuwar ba, sai ta sauko da asalin rubutun manhajar ta sake gina ta daga tushe. Sau biyu ginin yana cijewa a wuri ɗaya, ga lokacin tashin 'yarta daga makaranta ya yi. Ta cire layin rubutun da ke kawo cikas, aikin ya wuce, ta rataya jaka.

Cikin mako guda faifai tara suka dawo. Har wata tsohuwa mai dogara sanda sai da ta sake hawo bene, don nata ya ƙi buɗewa. Manaja ya tsaya gaban ma'aikata ya ce wa Dogo, "Duk zaɓe-zaɓen nan naka, ashe tarkace ka kwaso mana."

Dogo ya juya ya koma bakin aikinsa. Injiniya kuwa ta tuna layin da ta cire. Da ta koma ta duba, layin nan shi ke hana na'urar tofo faifai kafin a gama zuba hoton a cikinsa. Ta gyara a ranar, ta kama bakinta. Kwana biyu tana gaishe da Dogo har da rusunawa.

Rana ta uku ta tarar yana mayar da na'urar kwalinta, manaja ya ce a canzo.

"Baba, ajiye ta. Lafiyarta ƙalau. Ni na yi ɓarnar."

Ya ci gaba da naɗe wayar a hannu. "Na sani, 'yata. Na jona ta a kwamfutar ƙanena, ta buga tsaf."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce wane ne? Ke wata huɗu kawai kika yi a nan."

Ta wuce ofishin manaja, ta zayyana masa komai. Idonsa na kan waya ya ce, "An dai gyara, ko? Shi ke nan."

Ta tsaya ko zai ce a kira Dogo. Bai ce ba. Washegari, da aka taru shan shayin safe, ta miƙe ta maimaita maganar da bakinta. Dogo ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi, ya ce ta zauna shayinta zai huce.