Hoton Babanta

"Ku yi murmushi," in ji mai hoto. Ma'aikatan ofishin su goma sha biyu suka washe haƙora lokaci guda, kamar an danna musu maɓalli. Shugabansu ne zai yi ritaya, suka jeru a bayansa, kowa na dafe da kafaɗar wani.

Ya leƙa ta kyamara, ya yamutsa fuska. Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, ba wanda zai koya masa murmushin gaske: kumatu su ɗaga, ido ya ƙanƙance, fatar gefensa ta tattare. Waɗannan kuwa baki har kunne, idanu kamar na kifi a faranti. Yana naɗe kayansa ya ji akawun ofishin yana raɗa wa direba, "Allah raka taki gona."

Ya koma shago yana ta tsaki. Haƙorin dariya dai shi ke cizo, kuma shi ake kira ya ɗauke shi hoto.

Ya tarar da wata malamar makaranta tana jiransa. Makon jiya ta kawo ɗan ƙaramin hoton mahaifinta da ya rasu, shi kaɗai ya rage mata, danshi ya fara cinsa, ta ce a faɗaɗa mata ta rataye a ɗaki. Ya gyara shi a kwamfuta yadda yake yi wa kowa, ya goge tabo, ya shafe duk wani tamoji na fuska, tunda ba mai son ganin tsufa a bango.

Ya miƙa mata yana jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau, Baba. Allah ya saka da alheri," ta ce, ta yi murmushi.

Idanunta ba su motsa ba.

Ya leƙa hoton da ke hannunta. Tsohon yana nan da haƙoransa a waje, gefen idonsa sumul, sak akawun ɗazu. Da hannunsa ya mai da shi haka. Ƙyamar da ya wuni yana yi wa mutane ta dawo kansa.

Har ta kai bakin ƙofa.

"'Yata, dawo," ya ce. "Wannan ba babanki ba ne. Ajiye shi, ki zo jibi."

Ta juyo, hawaye ya zubo mata, gefen idonta ya tattare.