Wanda Aka Fara Zaɓa

Sau uku ke nan Davou yana sake lissafin a benen sama na bas mai lamba 53, kuma sau uku lissafin yana ba shi amsa ɗaya: goma sha ɗaya cikin ɗari. Ya goge fuskar wayar da hannun riga, wai ko datti ne ya ɓata lambobin. Tun daga Plumstead har aka wuce Woolwich bai ɗaga kai ba.

Ba zancen haya ne ya hana bawan Allah sukuni ba, ba kuma takardun zama ba. Ƙwallo ce, ita ma ta cikin talabijin. Akwai wani lig da 'yan Arewa da 'yan zangon Gana mazauna Landan suka kafa lokacin kullen korona. Ƙungiya shida ce, kowace da mutum goma sha ɗaya, kowa yana zaune a falonsa da na'urar wasa a hannu, yana juya ɗan wasa guda a allo. Manyan mutane ne fa, masu furfura da iyali, har da dattijon coci a cikinsu. Duk watan Janairu ake jera sababbin shiga, kyaftin shidan nan su yi ta zaɓa bi da bi. Wannan zaɓen suke kira diraf.

Babu wanda ya naɗa Davou alƙali, shi ya naɗa kansa. Wata rana ya tashi ya sanar a guruf cewa zai bi diraf na shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowane kyaftin maki a kan mutanen da ya zaɓa. Ya ƙirƙiro ma'auninsa: ƙwallayen da mutum ya ci, waɗanda ya bayar aka ci, jan katin da ya karɓa, sannan a auna da matsayin da aka ɗauke shi, don wanda aka fara zaɓa ba a yi masa uzuri. Duk Asabar da ƙarfe shida yake sakin sakamakon shekara guda. Ya fara da 2025 yana komawa baya, kuma Allah ya ba shi baki. Ya ce golan da Bot ya zaɓa mutumin kirki ne, ba ya hana baƙo shiga gida. Ya ce Rahman yana zaɓen 'yan wasa yadda ake zaɓen tumatir a kasuwar Woolwich bayan an tashi. Ana dariya, aka sa masa suna Farfesa, shi kuma ya karɓa da hannu biyu.

Daɗin sunan ne ya kai shi ga kawo doka. Ya ce idan an kammala shekarun duka, kyaftin ɗin da ya yi zaɓi mafi muni a tarihin lig zai sauka, ya miƙa ƙungiyarsa ga wani. Aka amince cikin raha, kowa yana hango wuyan ɗan'uwansa. Zuwa makon jiya wuƙar tana kan Mordecai, malamin lissafi a wata sakandare, mai maki ashirin da tara. Davou bai bar shi haka ba, sai da ya rubuta cewa yana tausaya wa yaran da wannan mutum yake koya wa ƙidaya.

Yau saura shekara ɗaya, 2021. Wanda aka fara zaɓa a shekarar kuwa, kafin kowa da kowa, shi ne Davou da kansa.

Shekara biyar yana cin abinci da wannan maganar. Ya faɗe ta a coci, ya faɗe ta a wurin aikinsa na gadi, ya faɗa wa surukarsa a Jos da ba ta ma san me ake nufi ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ƙirga abin da ya biyo baya. Daren jiya ya ƙirga. Wasa ɗari da arba'in, ƙwallo goma sha huɗu, jan kati tara, ga shi ɗan gaba. Shi dai a tunaninsa intanet ɗin gidan kansil da yake haya ne yake cin amanarsa duk Lahadi. Ma'aunin kuwa bai san intanet ba. Kuma makin ba a kansa zai faɗa ba, a kan wanda ya zaɓe shi ne, wato Saani mai aski, kyaftin ɗin Taurarin Nima, amininsa.

A New Cross, yana jiran motar Camberwell zuwa shagon Saani, ya gwada ƙara wani sashe a ma'aunin, wai ƙarfafa gwiwar abokan wasa, tunda a ihu babu wanda ya kamo shi. Bai gama ba saƙon Mordecai ya shigo guruf.

"Farfesa, muna jiran six o'clock. Na yi nawa calculation ɗin da formula ɗinka, mu gani ko za su yi match."

Davou ya share sabon sashen. Tsoro ya kama shi na gaske.

Shagon Saani ɗan ƙarami ne, kujera biyu da madubi uku. A saman madubin tsakiya ya rataye rigar Taurarin Nima da ya sa aka buga da kuɗin aljihunsa, kusa da kofin roba da suka ci sau ɗaya tak. Mutumin ba shi da mata a Landan, iyalinsa suna Accra, ƙungiyar nan ita ce hirarsa ta mako. Yana kakkaɓe wuyan wani kwastoma Davou ya shigo.

"Farfesa da kansa! Massa, zauna. Yau wa za ka yanka?"

Davou ya jira kwastoman ya fita, sannan ya miƙa masa wayar. Saani ya sa tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Sha ɗaya. Wannan na wa?"

"Naka ne. Wato nawa ne, amma naka ne."

"So Mordecai ya tsira, ni zan sauka."

"Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Ka ji plan ɗina." Davou ya jawo kujera. "Ka shiga guruf kafin shida, ka ce kai ka yi mistake, ka sa ni striker alhali ni midfielder ne. Idan position bai yi daidai ba, sai a yi cancel ɗin makin."

"In ce laifi nawa ne."

"Technical ne kawai."

"Shekara biyar kana kuka sai striker, sai lamba tara. Na sa ka benci rana ɗaya, ka yi sati biyu ba ka zo aski."

"To ai kai ka san abin da ka gani a jikina da ka ɗauke ni first pick. Akwai Fawaz a wannan shekarar, akwai su Abdul-Salam, ka tsallake su duka. Talent ɗin yana nan, system ɗinka ne bai fito da shi ba."

Saani ya ajiye buroshin hannunsa a hankali. Mutum ne mai haƙuri, irin wanda yaro zai yi ta motsi a kujera bai ɗaga murya ba. Amma maganar nan ta ƙarshe ta taɓa shi.

"System ɗina. Massa, kana so ka ji abin da na gani?"

"Faɗi."

"Ban ga komai ba. Ban taɓa ganin ka riƙe pad ɗin wasa ba kafin ranan. Matarka ne ya kira ni."

"Angelina?"

"Shi. Lokacin da hotel suka sallame ku. Ya ce wata huɗu kana kwance a flat, ba wanka, ba aski, ba ka magana da yaranka. Ya ce yana tafiya shift yana tsoron abin da zai dawo ya tarar. Yana kuka a waya, Davou. Ya ce in samo maka ko me ne, in dai za ka tashi ka zauna."

Saani ya ci gaba.

"Na kira captains duka, na ce akwai ɗan'uwa, a bar mini shi a last round. Ka san wa ya ce a'a? Mordecai. Ya ce mutumin da aka kora daga aiki ba a ɗaukarsa na ƙarshe, a ɗauke shi na farko ya ji shi mutum ne. First pick na shekaran nan nasa ne fa, shi ya ba ni, ya karɓi na biyar. Fawaz ya wuce shi yana kallo."

"Su duka sun sani?"

"Duk shida. Bot, Rahman, kowa. Ranan da ka ci goal ɗinka na farko, ka tuna golan ya fita shan ruwa?"

Davou ya tuna. Ya tuna har yadda ya yi ta zagaya falo da gajeren wando, maƙwabciyar ƙasa tana buga silin da sandar mofa. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne, ga madubi uku a shagon, duk inda ya juya shi ne dai.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Don ka warke. Ka warke kuwa, har ka fi ƙarfinmu." Saani ya ɗauki tsintsiya. "Sati huɗu kana zagin mutane. Mordecai ya ce mini zai iya haƙuri da komai, ban da zancen yaran makarantansa. Je ka buga sha ɗaya ɗinka. Ƙungiya dai na roba ne, kofin ma na roba ne."

Ya faɗi haka ne yana share gashi, amma bai yarda ya kalli rigar da ke saman madubi ba.

Hanyar komawa Plumstead ta yi wa Davou tsawo. Da farko haushi ya ji, haushin Angelina da ta kai sirrinsa shagon aski, haushin mutum shida da suka haɗa baki suka yi masa alheri ba da izininsa ba. Wajen Deptford haushin ya ƙare, don babu inda zai ajiye shi. Ya buɗe guruf yana bin tsofaffin saƙonninsa, yana ganin dariyar da Bot da Rahman suka yi ta turowa ƙarƙashin zagin da ya yi musu. A da ya ɗauka gwanintarsa ce take ba su dariya.

Shida saura minti biyu ya zauna a tashar bas ta ƙofar gidansu ya rubuta. Sau huɗu yana gogewa, don hannunsa ya saba da ƙawa, kullum sai wata baƙar magana ta so kutsowa. Abin da ya tura a ƙarshe gajere ne.

"Diraf na 2021. Zaɓin farko, Davou: 11 cikin 100, mafi muni a tarihin lig. Makin na ɗan wasa ne, ba na kyaftin ba. Mai sha ɗaya ba ya yi wa kowa doka, saboda haka na janye tawa, kowa ya riƙe ƙungiyarsa. Malam Mordecai, ka yafe mini zancen ɗalibanka. Na yi ritaya."

Ya fita daga guruf ɗin kafin kowa ya amsa, don ba shi da zuciyar jira.

Yana cire takalmi a ƙofar falo saƙon Saani ya shigo masa shi kaɗai.

"An yarda, ba wanda zai sauka. Mordecai ya ce ya yafe. Ya ce kuma in gaya maka tara ne, ba sha ɗaya ba, ka manta sau biyu da ka ci gida."

Angelina ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, har yanzu da rigar aikinta ta asibiti.

"Baban Hephzibah, ka dawo? Yau ban ji kana karanta wa bango makin mutane ba."

"Na bar lig ɗin."

"Gaba ɗaya? Gobe Lahadi fa."

"Gaba ɗaya."

Ta tsaya tana kallonsa. Shi ma ya kalle ta, maganar tana bakinsa, amma ya rasa ta inda zai kama ta, godiya zai yi ko faɗa. Sai ya ce yana jin yunwa. Ta ce tuwo ya kusa, ta koma ciki ta turo ƙofa.

Ya zauna a kujerar da ya saba zama duk Lahadi, talabijin a kashe, waya shiru a kan cinya. Gidan kansil ba ya riƙe sirri, bangon kicin ɗin kwali ne da fenti. Ya ji ta rage wuta, ya ji ta rage murya a waya.

"Baba Chollom, ina wuni. Don Allah akwai wuri a kwayar mawaƙa maza ta coci? Baban Hephzibah ne." Ta saurara. "A'a, Baba, bai iya ba, ko kaɗan. Amma idan ya zo ku ce kun daɗe kuna neman irin muryarsa. Ku sa shi a layin gaba."

Davou ya yi tsam a kujera. Ya kamata ya tashi ya buɗe ƙofar nan, ya ce ya ji komai, ya ce shi ba yaro ba ne. Ya daɗe yana shirin tashin. Can dai ya gyara zama, ya yi gyaran murya a hankali yadda ba za ta ji ba, ya gwada baitin farko.