Tabon Hannun Rahamatu

Fa'iza tana ɗaure leda a hannun amarya. Lallen ya riga ya hau, babu sauran gyara. Sai jira.

Rahamatu ce amaryarta ta farko tun da ta baro Kalfu ta zo Tawa neman sana'a. A bayan hannun amaryar na dama akwai dogon tabon ƙuna. Gwaggon amaryar, Hajiya Ciɗo, ta nuna wani hoto a salula, ta ce a lafta lalle har tabon ya ɓace, sannan ta tafi kasuwa.

Fa'iza ta yi niyyar bin umarni. Amma da ta riƙe hannun, sai ta ga tabon ya lanƙwasa kamar reshen gawo. Zuciyarta ta ƙi. Ta rufe shi da salatif don kada lalle ya taɓa shi, ta yanka ƙananan ganyaye na salatif ta jera masa gefe da gefe. Rahamatu ta ga komai, ta ce kawai, "Ke kika san aikinki."

Hajiya ta dawo ta tarar da gutsattsarin salatif masu siffar ganye a tabarma.

"Ganye? A hoton nan ina kika ga ganye?"

"Babu, Hajiya."

"To mi kika yi wa ɗiyata?"

"Abin da na gani."

"Kin gani! Malama ce ashe. Gobe dangin miji za su cika gidan nan, lalle kuwa ba riga ba ne da za a tuɓe. In ya ɓaci, ko kazar amarya ba ki ƙara yi wa ƙunshi a Tawa."

Fa'iza ta sunkuyar da kai. Ta tuna mahaifinta yana binne iri a busasshiyar gona tun hadari bai haɗu ba, mutane na dariya. Bai taɓa ganin ruwan ba kafin ya shuka. Ta yi ta salati a zuci har aka kira la'asar.

Aka kwance ledar, aka zuba ruwa, Fa'iza ta ɓare salatif a hankali.

Reshe ne fari tas a cikin ja mai duhu, ganyayensa sun bazu har kan yatsu. Ba a gane inda wuta ta tsaya, inda hannun Fa'iza ya fara. Rahamatu ta ɗaga hannun sama tana juya shi a hasken rana, hawaye na zuba, tana dariya.

Numfashin da Fa'iza ta riƙe tun hantsi ya fita, ta zauna daɓas.

Hajiya Ciɗo ta kama hannun ta daɗe tana dubawa.

"Ba shi na ce ba," ta ce.

Sai ta zauna a tabarma da nishi, ta tuɓe takalmi, ta miƙo ƙafa mai kaushi.

"Akwai saura a kwanon nan? Wannan kuma mi kike gani?"