Ruwan da Aka Hana Vernon

Nas Glenda Pruitt ta zare siririn tiyon daga ramin numfashi da ke wuyan Vernon Stroud, ta kashe injin zuƙe majina, sannan ta mayar masa da ɗan murfin da sai da shi yake iya magana. Ta san abin da zai biyo baya. Murfin yana zama, bakin ya buɗe.

"Gandiroba, ko mai gyaran famfo ya fi ki taushin hannu."

"Ina kwana, Ɗan'uwa Vernon. Na ga ka tashi da ƙarfinka."

"Kada ki ƙara ce mini ɗan'uwa. Ke kika hana ni zama ɗan'uwan kowa." Ya ɗaga hannunsa na dama, wanda shi kaɗai ke motsi a jikinsa, shi ma da ƙyar. "Yanke mini wannan abin."

Jar munduwar roba yake nufi. Shekara goma sha tara ke nan Glenda tana ɗaura wa mutane irin waɗannan a wannan sansani da ke cikin duwatsun gabashin jihar Tennessee, inda coci-coci ke haɗa kai duk lokacin zafi su kawo naƙasassu da masu ciwon da ba ya warkewa su yi mako guda. Mai koriyar munduwa ya shiga tafki yadda ya so. Mai rawaya sai da mutum biyu riƙe da shi. Mai ja kuwa ya kalli ruwa daga nesa ya gode wa Allah. Yau Juma'a ce, ranar ƙarshe, kuma da ƙarfe huɗu na yamma za a yi baftisma a tafkin.

"Ba zan yanke ba," in ji ta. "Jiya ma na faɗa maka."

"Daƙiƙa uku, tsohuwa. A tsoma ni, a ɗago ni. Ko kaza aka tsoma daƙiƙa uku ba za ta mutu ba."

"Kaza ba ta da rami a wuya. Kuma kaza tana iya tari."

Ya yi mata wani irin kallo, ya tura sandar kekensa mai batir, ya fice daga ɗakin jinyar yana kankare mata fentin ƙofa da gangan.

Vernon mai rufin gidaje ne, har ranar da ya zame daga saman wani shago ya karya wuya, shekara shida da suka wuce. Shekara talatin da biyar matarsa Darlene tana zuwa coci ita kaɗai ran Lahadi, shi yana bakin rafi da ƙugiyar kamun kifi da gwangwanin giya. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta yi fushi, ta haƙura. Ita ta rubuta sunansa a wannan sansani, kuma ba ta kai ganin zuwansa ba, ta rasu a watan Fabrairu. Sai bayan da aka binne ta mutumin ya ba da gaskiya, kamar yadda masu taurin kai suka saba, su zo lokacin da mai kiran ya tafi.

Matsalar ita ce a coci-cocin wajen nan ba a san yayyafi ba, ba a san zuba ruwa a ka ba. Sai an nutsar da mutum gaba ɗaya, har gashin kansa ya ɓace a ruwa, kuma koyarwarsu ita ce wanda ba a nutsar ba bai shiga ba tukuna. Vernon ya riƙe wannan da ƙarfin sabon shiga. Darlene tana can, shi yana waje, kuma likita ya ce huhunsa na hagu ba zai ga lokacin zafi da yawa nan gaba ba. A gidan jinyar da yake zaune ko tsakar gida ba a fita da shi sai an cika takarda. Wannan tafkin ne kaɗai damarsa, kuma tsakaninsa da tafkin akwai Glenda.

Da rana, a ɗakin cin abinci, mai wa'azin makon ya ɗauko tirensa ya zauna gabanta ba tare da an gayyace shi ba. Royce Maddox sunansa, mutum ne mai faɗin kafaɗa da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Yana cin soyayyen kifi kamar yana da wani wurin zuwa.

"'Yar'uwa Glenda, na yi tunani a kan maganar nan. Idan aka rufe ramin da leda mai kauri, aka naɗe da filasta sosai..."

"Wuyan mutum ne, Ɗan'uwa Royce, ba bokiti mai yoyo ba."

"Ai na ce sosai."

"Ka ga ruwan tafkin nan a watan Agusta? Kore shar, da ɗumi kamar miya. Cokali ɗaya ya shiga huhunsa, ba shi da ƙarfin ƙirjin da zai taro shi. Asibiti mafi kusa minti hamsin ne. Kai za ka yi masa numfashi a hanya?"

Royce ya ajiye cokali mai yatsu. Ya shiga jero mata ayoyi a kan jiki da rai, da wanda ya kamata a fi jin tsoro. Ta bar shi ya gama. Ayoyin nan ta haddace su tun shi yana tsumman goyo, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bai karanta ko ɗaya ba daidai ba.

"Ran mutum ne a hannunki," ya ce a ƙarshe. "Ke kina tsaron gawa, ni ina maganar har abada."

"Kai gobe da safe za ka shiga motarka ka koma Alabama. In ya mutu, ni ce zan kira 'yarsa a waya."

Shugaban sansanin, wanda ke teburin kusa yana ta fatan maganar ta wuce shi, ya matso yana murza hannu. Ya ce ko za a ɗebo ruwan tafkin a tulu, a rufe wuyan da tawul, a zuba masa a ka a gaban jama'a? Ai Allah yana ganin zuciya.

"Za a iya," in ji Royce. "Amma ba zan tsaya gaban mutane in kira shi baftisma ba."

Ashe Vernon yana bayansu. Keken nan ba ya ƙara idan ya ga dama.

"Tulu?" ya ce, muryar tana fita da shesshekar iska. "Ni shukar tumatir ce? Shekara talatin da biyar matar nan tana jira, sai in je mata da jiƙaƙƙen gashi?" Ya juyo da keken ya fuskanci Glenda. "Ke kuma, gandiroba, wa ya ba ki raina ajiya? Shekaruna sittin da uku. Hankalina ƙalau. In na mutu a ruwan, na mutu a ciki, ina ruwanki?"

"Ruwana ne tunda ni na sa hannu a takardarka."

"Allah ya kai ki ranar da wata za ta riƙa share miki gindi tana gaya miki abin da ya dace da ke."

Glenda ta tashi ta kai tirenta wurin wanke-wanke. Maganar ta shige ta, ba ƙarya. Ta tsani mutumin nan a wannan lokacin, tsana ta gaske, irin wadda ba a faɗa a taron addu'a.

Ƙarfe huɗu ya yi, aka gangara bakin tafki. Kekuna sun fi arba'in, an jera su a kan ciyawa ƙarƙashin rumfa, masu taimako suna tsaye a baya da fankar hannu da gorunan ruwa. Vernon ya riga ya kori masu taimako uku a cikin makon, don haka Glenda da kanta take sa masa ido. Ta ajiye shi a ƙarshen layi, nesa da ruwa, kusa da gangaren siminti da ake sauke kwale-kwale. Wannan shi ne kuskurenta, kuma ba ta gane ba sai daga baya.

Royce ya shiga ruwa har ƙugu cikin farar riga. Aka fara waƙa, babu ganga babu molo, muryoyi kawai. Mutum bakwai ne a layi. Aka nutsar da wata makauniya, ta fito tana dariya tana tofar da ruwa. Aka nutsar da wani dattijo mai ƙafa ɗaya, mutum biyu suna tallafe da shi. Ana cikin na uku sai wata mata mai ciwon sukari ta fara jin jiri a kujerarta, Glenda ta durƙusa ta buɗe jaka tana neman ruwan lemo.

Da ta ɗago, wurin Vernon babu kowa.

Yana kan gangaren, ya tura sandar har ƙarshe, keken yana sauka da gudun da ba ta taɓa sanin yana da shi ba. Royce ya gan shi. Ta ga ya gan shi, ta kuma ga bai ɗaga murya ba, sai ma ya fara takowa cikin ruwan zuwa wajen gangaren. Ko shiri suka yi, ko ba su yi ba, ba ta tsaya tambaya ba. Ta yar da jakar ta ruga, da gwiwoyin nan nata da likita ya ce a canza tun bara. Ta cim masa ƙafafun gaba na keken sun riga sun taɓa ruwa. Ta cusa hannu a bayan kujerar, ta kama wayar da ke kai wuta ga sandar tuƙi, ta fizge.

Keken ya tsaya cak, burki ya kama. Kan Vernon ya yi gaba ya dawo.

Waƙar ta mutu a bakin mutane. A wannan sansani abu na farko da ake koya wa duk wanda ya zo aiki shi ne keken mutum jikinsa ne: ba a jingina da shi, ba a tura shi, ba a ko ɗora hannu sai mai shi ya ce to. Glenda ce ke koyar da wannan darasi duk shekara. Yanzu ga ta a gaban mutum ɗari ta tsinke wa mutum ƙafafunsa.

"Cire hannunki daga kekensa!" wata mata ta yi ihu daga cikin rumfar.

"Wa ya ba ta izini?"

"Haka suke mana ko'ina! A gida haka, a asibiti haka, nan ma haka?"

Mutanen da ta yi shekaru tana juya su a gado, tana ƙirga musu ƙwayoyi, tana wanke musu miki, su ne suke kallonta da wannan idon. Ta waiwaya wajen masu taimako tana haki.

"Mutum huɗu. Ku zo mu mayar da shi sama."

Suka kalli juna. Wani daga cikinsu ya yi abin da ita ta koya masa, ya tambayi mai keken ko ya yarda a taɓa shi.

"Duk wanda ya taɓa ni, shi da Allah," in ji Vernon. Ba wanda ya motsa.

Sai Glenda ta zagayo gaban keken, ta shiga ruwan da takalmanta har ƙauri, ta tsaya tsakaninsa da tafkin. Royce yana bayanta, taku uku. Fuskar Vernon ta yi jawur, hawaye yana gangara zuwa cikin kunnensa, ba shi da hannun sharewa, ita kuma ta san in ta kai hannu sai ya cije ta.

"Gandiroba," ya ce, a hankali yanzu, yana tara iska kafin kowace kalma. "Ke an nutsar da ke?"

"An nutsar da ni. Ina da shekara goma sha biyu."

"Duka?"

"Duka."

"To faɗa mini gaskiya, a gaban mai wa'azin nan. Tulun da suke cewa. Kin yarda baftisma ce?"

Ƙarya ɗaya ta isa. In ta ce masa eh, ta ce Allah ba ya auna zurfin ruwa, wataƙila ya yarda, wataƙila a koma sama lafiya. Ta buɗe baki ta nemi ƙaryar, ba ta same ta ba.

"Ban yarda ba," ta ce.

"In na mutu haka fa? Zan ga Darlene?"

"Yadda aka koya mini, ba za ka gan ta ba."

"Kuma kin yarda da yadda aka koya miki?"

"Na yarda."

Ya daɗe yana kallonta. Ba zagi a idonsa yanzu, kuma da ma zagin ya yi.

"To mayar da wayar, Glenda."

Ruwan ɗumi ya cika mata takalma. A bayanta ragowar mutum huɗun masu baftisma suna nan a layi cikin fararen riguna, suna jiran a kira su. Ta dafa hannayen keken biyu, ta kafa ƙafafunta a kan simintin mai santsi.

"A'a," ta ce.