Wuyan Komadre Zoila

"Na ce ba zan yi ba," in ji Zoila, ko ɗago kai ba ta yi ba. "In ke kina sha'awar zama kunkuru a tsufanki, ga bango nan, ki je ki jingina."

"Kunkurun ya fi ki dabara, komadre. Shi dai wuyansa ba ya hana shi barci."

"A gidana kika kwana da za ki san na yi barci ko ban yi ba?"

"Duk unguwa ta san ba ki yi ba."

"Wa ya gaya wa unguwar?"

Ni na gaya wa unguwar, sai na mayar da ido kan saƙata.

Kwana tara ke nan muna wannan rigimar, kullum da sassafe, a ɗakina, kowacce na kife a kan malafarta. Da sanyin safiya muke saƙa, kafin rana ta busar da kaba ta fara karyewa. Kuma haka muke yi tun muna 'yan mata: a tsaye, a sunkuye, ƙirji a kan ɗan matashi, matashin a kan kututturen da ke danne malafar, malafar kuma a kan turken saƙa, kai yana reto kamar gwanda a bishiya, yatsu suna aiki a ƙasa. In kika ɗaga ƙirji, saƙar ta saki. Shekara arba'in da ɗoriya, abin da na fi sani a jikin Zoila shi ne tsakar kanta. Ni na ga furfurarta ta farko kafin ita ta gani, kuma kafin azahar na sanar da wanda ya kamata.

Da can mu bakwai ne a ɗakin nan. Biyu sun rasu, ɗaya idonta ya tafi, biyu sun bi 'ya'yansu birni. Mijina Nicanor shi ma ya kwanta dama shekara shida da suka wuce. 'Ya'yana maza biyu suna Sifen, sukan turo mini murya a waya da Kirsimeti, in saurara sau goma har in haddace tarin da babban ya yi a tsakiya. Saura ni da Zoila. Gulma kuwa ba a yin ta mutum ɗaya. Na gwada da kajina, ba sa mayar da magana.

Ciwon ya fara mata ne bayan damina. Daga ƙeya yake tasowa, ya bi kafaɗar dama, ya sauka har yatsu, ta ce kamar tururuwa ke tafiya a cikinsu. Wata Lahadi bayan coci kofin kofi ya suɓuce mata a gaban mutane. Ni dai mutum uku kaɗai na ba labarin, kuma duk na ce kar su faɗa. Kafin Laraba zancen ya isa birnin Guayaquil, kunnen 'yarta Yadira. Ni na riƙe Yadira a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa ni da uwarta muke ce wa juna komadre, ita kuma yarinyar take ce mini madrina. Yadira ta kira uwarta ta ce, in wuyan bai yi sauƙi ba zuwa ƙarshen wata, za ta zo ta ɗauke ta. Akwai ɗan ɗaki bayan kicin, za a kwashe tarkacen ciki.

Da na ji haka, washegari na ja Zoila zuwa ƙaramin asibitinmu. Malamar jinyar, wata 'yar siririya mai suna Gladis, ta tsayar da ita ta dube ta ta gefe, ta girgiza kai.

"Doña Zoila, kunnenki ya kamata ya zauna daidai saman kafaɗarki. Naki ya yi gaba, kamar yana sauri ya riga ki isa gida."

"Gado ne," in ji Zoila. "Uwata ma haka take."

"Uwarki ma saƙa take yi."

Ta ce kan mutum ya kai nauyin kankana. In yana zaune daidai, wuya ba ya jin sa. In ya leƙa gaba, kamar ki riƙe bokitin ruwa ne da hannu a miƙe tun safe har yamma. Ta nuna mana abin da za a yi. Ki jingina da bango, ƙeya da kafaɗu su taɓa shi. Ki ja haɓa baya, a hankali, kamar an kawo miki abinci mai wari, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma. Ki haɗe kafaɗu ta baya. Kar a wuce rabin awa a sunkuye ba a miƙe ba. Matashin kwanciya guda ɗaya, ba tsauni ba. Tsumma mai ɗumi a ƙeya da yamma. Ta ce in yatsun suka ƙara mutuwa, a dawo da ita maza. Ta ba mu takarda. Ni a aji uku na tsaya, amma akwai zane, wata mata mai haɓa biyu tana murmushi.

Na manna takardar a bangon ɗakina. Don in ba Zoila kunya, ni na fara yi. Duk sanda waƙa biyar suka ƙare a rediyo sai in miƙe, in je bango, in ja haɓa, in ƙirga da ƙarfi. Abin haushi, ni da ba ni aka kai asibiti ba, ni na samu sauƙi. Ashe nawa wuyan ma ciwo yake, na ɗauka haka tsufa yake. Cikin sati guda na iya waiwayawa in ga wanda ya wuce ta taga ba tare da na juya duk jikina ba. A sana'ata ta biyu wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Da shi na gano cewa mai sayar da kifi yana tsayawa a ƙofar matar direban bas fiye da yadda sayen kifi yake buƙata.

Na ba Zoila labarin, ta ce "Uhm." Da can da ta tambaye ni sau nawa, da wace riga. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta je bangon ba. Ta ma ƙara daɗewa a sunkuye, tana cije leɓe, zufa na ɗiga a kan kabar.

"Kin fi son a kai ki birni a ajiye ki bayan kicin kamar tsohuwar tukunya?" na ce mata a rana ta tara.

"Tukunya ta ce miki tana kuka?"

"Can ba wanda ya san ki. Ba wanda zai girmama ki ya ce miki Doña Zoila. Wa za ki yi wa magana?"

"Kunnena zai huta."

Na ɗauka tsiya ce irin wadda muka saba.

Da azahar ranar na gasa ɗanyar ayaba, na kirɓa gyaɗa da gishiri da barkono yadda take so, na rufe kwano na nufi gidanta. Ba na ƙwanƙwasa ƙofa sai na fara saurare, kowa ya san halina. Ta tsagar gora na hango ta a bakin gado. Akwati a buɗe, rigar cocinta a goge a ninke a ciki, da hoton mijinta a naɗe cikin tawul. A gefe ga 'yan malafu guda uku, ƙanana, daidai kan jikoki. Ban taɓa ganin ta saƙa su ba. Wato bayan ta bar ɗakina, sai ta koma gida ta sake kifewa.

Waya take yi, ta matse ta tsakanin kunne da kafaɗa, abin da Gladis ta hana da babbar murya.

"Yau ya fi jiya, 'yata," take cewa. "A'a, maganin asibitin bai yi komai ba. Na yi duk abin da suka ce. To, Allah ya kai mu ƙarshen watan."

Ta ajiye wayar. Ta kama ƙeya da hannu biyu ta runtse ido, don ciwon na gaske ne, ban ce ƙarya take ba. Da ya lafa, sai ta ɗauki ƙaramar malafa ɗaya ta ɗora a kan gwiwarta tana gyara mata baki, tana murmushi. A kan gadon na ƙirga matasai uku.

Ashe ba taurin kai ba ne. Kiwon ciwon take yi, kamar yadda ake kiwon alade don biki. In ya warke, ba mai zuwa ɗaukarta.

Na koma gida da kwanona. Na cinye nawa, na cinye nata. Na zauna a ɗakin saƙa ina kallon ƙasa. Kowane turke ƙafa uku gare shi, kuma ƙafafun sun ci katakon daɓen, sun bar 'yan ramuka. Ramukan mutum bakwai suna nan. Na san na kowa. Na yi ƙoƙarin tuna muryar Cástula, wadda ta fara rasuwa, na kasa. Rediyo na ta surutu, na kashe, sai shirun ya fi surutun muni, na sake kunnawa. Bas ɗin yamma ya wuce, na waiwaya da sabon wuyana, ba wanda ya sauka.

Sai na ɗauki waya.

"Madrina? Lafiya dai?"

"Lafiya ƙalau, 'yata. Albishir zan yi miki. Uwarki ta warke."

"Amma ɗazu ta ce mini…"

"Kin san ta da son a lallashe ta. Motsa wuyan nan da aka koya mata a asibiti, shi ya yi aiki. Kullum tare muke yi. Jiya da idona na gan ta ta ɗauko tulun ruwa a ka. Wuya kamar na mujiya, har baya take juya shi."

Tulun ban shirya shi ba, shi ya fito da kansa. Haka bakina yake, in ya fara gangara ba birki.

Yadira ta sauke numfashi. Na san numfashin damuwa, na san na wanda aka sauke wa kaya. Wannan na biyun ne.

"Na gode wa Allah, madrina. Ba ki san yadda nake ciki ba. Uwar mijina ma ɗakin take so, ƙafarta ta kumbura, kullum rigima muke da shi. In dai Mama ta samu sauƙi, ai ta fi jin daɗi a nan cikin mutanenta. Ga ki kusa."

"Ga ni kusa," na ce.

Na samu abin da nake so, amma gyaɗar nan ta tsaya mini a ƙirji har na kwanta.

Washegari na share ɗaki, na dafa kofi kofi biyu, na yayyafa wa kabarta ruwa don ta yi laushi. Gari ya waye sarai, ba ta zo ba. Kofin ya huce. Sai da rana ta hau, lokacin da saƙa ba ta yiwuwa, na ji takunta a matakala. Ta shigo ba gaisuwa.

"Yadira ta kira ni," ta ce. "Wai na warke."

"To, ai abin murna ne."

"Wai ina ɗaukar tulu a ka. Ni da ko tulun ba ni da shi, Ubaldina. Famfo ne a gidana."

Tun da na riƙe mata 'ya ba ta kira ni da sunana ba.

"An ba uwar mijinta ɗakin. Yau za a kai gadonta."

"Zauna ki sha kofi, komadre. In ɗumama miki."

"Ƙaramin jikana shekararsa huɗu. Sau biyu na taɓa shi. Sau biyu. Ke naki suna bayan teku, ba yadda za ki yi. Nawa awa huɗu ne a mota."

"Sai ki je ki gan su ki dawo."

"In kwana a ina? A kan uwar mijinta?"

"Ni fa don lafiyarki na yi. Da kin bi abin da Gladis ta ce…"

"Don lafiyata." Ta dubi takardar bango, ta dube ni. "Don ki samu mai ce miki uhm dai. Shekara arba'in ina ce miki uhm. Kin taɓa tambayata abin da nake so?"

Da na yi shiru a nan, wataƙila da ta zauna, ta yi kukanta, in dafa wani kofin. Amma akwai labari a bakina, kuma ban taɓa iya riƙe labari ya kwana biyu ba.

"Ba ni na hana ki ɗakin ba," na ce. "Da kin ji yadda ta sauke numfashi da na ce kin warke. Ko tambaya ta biyu ba ta yi ba. Neman hanya take, ni dai na nuna mata."

Zoila ta juya mini baya. Ta je ta ɗaga kututturen, ta cire malafar da ta yi wata biyu tana saƙawa, zaren kabar na reto kamar gashi. Ta cusa matashin a hammata, ta rungumi turken da hannun dama, mai ciwon, ta karkace gefe guda saboda nauyi.

"Ki kama da hannu biyu," na ce. "Kina karkatar da wuyan."

Ƙafar turken ta maƙale a bakin ƙofa, ta fizge ta. Na tashi in taimaka, ta kare da gwiwar hannu.

"Gobe da sassafe, komadre? Zan jiƙa miki kabar."

Ta fita, ta sa ƙafa ta buga ƙofar har ƙurar rufi ta zubo.