Tudun Bayan Coci

A ƙauyen su Okta, can tsibirin Flores na ƙasar Indonesiya, sabis ɗin waya ba ya shiga aji, don haka Malama Yasinta ta kwashi ɗalibanta suka hau tudun bayan coci.

"Kowa ya sauke taswira a wayarsa," in ji ta. "Abin da ka sauke, ko babu sabis yana nan."

Okta ta koma gefe da wayar kakarta. Da malama ta leƙo, ba ta ga taswira ba, sai saƙon muryar mahaifiyar Okta, mai aikin gona a Malesiya.

"Ke Okta, wannan ce taswirar?"

"Kaka ba ta iya hawa tudu, Malama. Muryar 'yarta zan kai mata gida."

Malama ta zauna kusa da ita, suka jira saƙon ya gama sauka.